Shirun da Daulet Ya Yanke

Talsai, jihar Karaganda,
14 ga Oktoba, 2018

Zuwa ga jikata Elvira,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji, wanda ya riƙe mu har zuwa yau ba don wayonmu ba. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Torsten da ɗan ƙaramin sarkin gidanku Yonas. Kullum safiya kafin in sa ƙafa a ƙasa sai na kira sunayenku ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah, ya tsare ku a hanya, ya raba ku da gadon asibiti, ya sa albarka a abin da kuke ci. Naki sunan sau biyu nake faɗa, domin na san halinki, in an kira ki sau ɗaya ba kya juyowa. Hoton Yonas ya iso, na manna shi jikin kabad kusa da na mahaifiyarki, Allah ya ba ta hutawa. Yaron ya kwashe kunnuwan kakanki Gotlib kaf bai rage wa kowa ba. Ki riƙa sa masa hula in ana iska, kada ta ɗaga shi ta sauke a Faransa.

Mu nan sai godiya. An haƙe dankali, na cika ganga biyu da kabeji da gishiri, kwal ɗin hunturu ma an juye mini a ƙofar gida. Dusar ƙanƙara ba ta sauka ba tukuna, amma gwiwata ta ce tana hanya, ita kuwa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ba kamar mutumin talabijin ba. Dinyoyina sun koma uku. Maƙwabciyata Kulash tana nan da ranta da bakinta. Har yanzu cewa take shayina ruwan wanki ne, har yanzu kuma ba ta fasa zuwa sha ba. Kada ki yi dariyar rubutuna, aji huɗu na yi, sauran karatun a bayan shanu na ƙarasa shi. Na san za ki ce me ya hana in danna waya in yi magana. To, maganar waya iska ce. Wannan kuwa so nake ki riƙe ta a hannu, ki ninke, ki jefa a aljihun tebur in ranki ya ɓaci, ki sake buɗewa ranar da kika huce.

A kusurwar takardar nan za ki ga wani ɗan abu baƙi kamar farce, na manne shi da salatif. Kada ki yar, kada kuma ki bari Yonas ya haɗiye, kakarki ce a ciki. Amma kafin ki sa shi a na'ura sai kin ji tarihin cocinmu, ko da yake kin ji rabinsa kina ƙarama kina hamma. Kakana Kaspar yana cikin waɗanda suka gina shi a 1909, lokacin da mutanenmu suka iso wannan fili da amalanken shanu, babu ko bishiyar da mutum zai rataya hula. Kafin su yi wa kansu rufin kirki sai da suka yi wa Allah nasa. Kowane gida ya jawo dutse daga tudun gabas. Maginin wani gurgu ne da ya taɓa aikin jirgin ruwa, shi ya sa ya yi rufin kamar kwalekwalen da aka kifar, rufin nan kuwa shi ne sirrin ɗakin. In ka ɗaga murya sai ta hau sama, ta zaga, ta gaisa da kowane katako, sannan ta dawo maka da ƙiba. Mutum goma su yi waƙa, na waje ya rantse ɗari ne. Har ni, da kika ce muryata kamar ana jan tebur a kan siminti, a ɗakin nan mala'ika ce.

Ni ban same shi yana coci ba. Kafin a haife ni hukuma ta sauke ƙararrawar, ta tafi da fasto inda ba a dawowa, aka mai da ɗakin rumbun alkama. Bayan yaƙi aka share alkamar aka mai da shi gidan silima, aka rataya farin ƙyalle daidai inda bagade yake. A nan kakanki ya fara riƙe mini hannu, a layi na bakwai, ana nuna fim ɗin tarakta. Da Goggona ta ji labari ta ce na yi abin kunya a ɗakin Allah, na ce mata ai Allah ya gani, ba ni na miƙa hannun ba. Ƙarya na yi mata, ni na miƙa. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, ke ce ta farko da na gaya wa.

Goggo ce ta rene ni, kin kuma san dalili. Ina 'yar shekara biyar aka kwashe matan garinmu zuwa aikin dole a ramin kwal, don kawai yarenmu ɗaya ne da na waɗanda ake yaƙa. Mahaifiyata tana cikinsu. Ban tuna fuskarta sosai ba, abin da na tuna shi ne ƙanshin albasa a hannunta. Bayan shekara uku wata daga cikinsu ta dawo, ta zauna a ɗakin girkin Goggo ta ba da labari, ni kuma ina ƙarƙashin tebur, sun manta da ni. Ta ce mahaifiyata ta mutu, su shida aka zuba a rami ɗaya, ƙasa ta daskare, ba addu'a, ba waƙa, kamar an binne mushe. Goggo ba ta yi kuka da aka ce ta mutu ba. Sai da aka ce ba waƙa, sannan ta kifa kai a kan teburin, na ji katakon yana rawa a bisa kaina. Tun ranar na san abin da ya kamata mutum ya ji tsoro a duniya.

Littattafan waƙoƙinmu an ƙone su tun da aka rufe cocin. Abin da ya rage shi ne wani littafin rubutu na 'yan makaranta da matan suka cika da hannu, kowace ta zuba abin da ta haddace. Littafi ɗaya, baki hamsin. Daga nan muka sami irin waƙarmu da kike cewa tana sa ki gyangyaɗi: mai bayarwa ta rera layi ɗaya ita kaɗai, ta yi shiru, sai jama'a su ɗauka su yi amshi a hankali, suna jan sa kamar shanu na hawan tudu. Sai sun sauke sannan ta ba da na gaba. A ɗakin Goggo muke taruwa a ɓoye, labule a sake. Bango ɗaya ne tsakaninmu da gidan su Kulash. Su Musulmi ne, ba ruwansu da waƙarmu, amma mahaifiyarta takan fito ta zauna a ƙofa da kwanon wanki, in ta hango ɗan hukuma sai ta hau buga kwanon tana zagin akuyar da ba ta yi mata komai ba. Ita kuwa Kulash, sa'ata, tana can ta manna kunne a bango.

Cikin waƙoƙin akwai ta rakiya, wadda ake yi a bakin kabari. Baiti bakwai ne. Shida mai bayarwa ce ke ba da su. Na bakwai ba nata ba ne, na jini ne. Ɗa ko 'ya ko jika, wanda ya fi kusa da mamaci, shi zai ba da shi, ko da muryarsa ta jaki ce, ko da kuka ya shaƙe shi. Jama'a za su tsaya su jira shi. Ba mai taya shi, ba mai taɓa shebur, sai ya buɗe baki. Na ga an jira wani ƙato direban babbar mota har hular kowa ta yi fari da ƙanƙara, ba wanda ya ko yi tari.

A 1990 aka maido mana da ɗakin. Muka kankare bango, muka wanke ƙasa sau tara, har yau in an yi zafi yana ƙanshin alkama. Ranar da aka buɗe, mutum ya fi ɗari huɗu. A ranar aka yi miki baftisma, kina 'yar shekara biyu, kika ɓuya a akurkin kaji aka yi ta neman ki, fasto yana tsaye da ruwa a hannu. Kin zo duniya da lattin mako biyu, kin makara ranar baftismarki, ranar aurenki ma sai da Torsten ya fara tunanin ko an fasa. Amma dai murnar cocin ba ta daɗe ba. An buɗe mana ƙofar coci, an kuma buɗe ƙofar Jamus a lokaci guda, ta biyun ta fi faɗi. Kowace Lahadi sai a ga benci ɗaya ya yi fili. Ku ma kuka bi, kina shekara shida. Ni na ce ba zan bar Gotlib shi kaɗai a maƙabarta ba, mutumin da ko safarsa ba ya iya nemowa. Sujadar ƙarshe mu biyar ne, uku a cikinmu ba sa ji sosai. Na kulle ƙofa, na kai makulli ofishin gari, na dawo gida na yi ta goge tukwanen da ba su da datti.

Shekara huɗu ɗakin yana rufe, tantabaru suna sujadarsu a ciki. Sai Daulet ya karɓe shi, ɗan Kulash, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana waƙa a gidajen biki har ya tara tumbi. Ya mai da shi ɗakin ɗaukar waƙoƙi, situdiyo suke cewa. Ya bi bango da rufi ya lulluɓe su da wani baƙin soso mai ƙulu-ƙulu kamar kwalin ƙwai, wai don kada murya ta riƙa dawowa. Ki ji fa, abin da gurgun magini ya ba da ransa a kai, shi Daulet ya ɗauka cuta ce. Na yi shekara guda ba na amsa gaisuwarsa, yaron da na goya lokacin da uwarsa take tatsar shanu. Kuma tunda yau ranar tonon asiri ce: ba kuskure ba ne dinyoyina suke tsinkewa su je ƙarƙashin tagarsa daidai lokacin da ya kunna jar fitilar ɗauka. Ni ke zuba musu hatsi a wurin. Akwai wata waƙar amarya da ake ta sawa a bukukuwan garin nan, in kin kasa kunne a baiti na biyu za ki ji babbar dinyata tana amshi.

A watan Afrilu Miliya ta rasu. Kin tuna ta, mai ba ki alewa daga aljihun da ke warin maganin tari. Ni da ita muka rage. Ɗanta yana can wajenku, takardunsa ba su fito da wuri ba. A maƙabarta daga ni sai Kulash sai masu haƙa kabari biyu. Na buɗe littafin, na ba da layi na farko, na yi shiru yadda aka saba. Iska ce ta amsa. Haka na bi baiti shida, ina bayarwa ina jiran mutanen da ba sa nan, masu haƙa suna kallon juna, sun ɗauka mantuwa nake yi. Da na kai na bakwai na tsaya, don ba nawa ba ne. Na jira, ban san wa nake jira ba, har taɓo ya shanye takalmina. Kulash ce ta kama hannuna ta ce, Hulda, mu tafi, ba mai zuwa. Muna juya baya na ji ƙarar shebur.

Yanzu ki gyara zama. A watan Yuni na je asibitin birni saboda wani ciwo a gefen ciki da na daɗe ina ɗora wa kabeji laifinsa. Likitar yarinya ce, ba ta ma kai ki ba, ta yi ta juya takarda tana kallon takalmina. Na ce mata, 'yata, faɗi kawai, na binne miji na binne 'ya, ba takarda ce za ta razana ni ba. Ta ce abu ne a hanta, ya riga ya yi nisa. Hunturun nan wataƙila in gan shi, furen tuffa kuwa sai wani iko na Allah. Ajiye wayar nan da kika ɗauka, ki gama karantawa tukuna. Shekara tamanin da ɗaya ba satar kwana ba ce, na ci rabona har na taɓa na wasu. Ba mutuwar ce ta dame ni ba. A motar dawowa abin da nake ta gani shi ne kabarin Miliya. Ita ta sami baiti shida ba amshi. Ni ko mai bayarwa ba zan samu ba. Ashe ƙasar da ta ci uwata ba waƙa tana nan tana jiran 'yar.

Don haka na haɗiye girman kaina, ya kuwa tsaya mini a wuya, na tsallaka titi na buga ƙofar Daulet. Da ya gan ni ya ɗauka zancen dinyoyi ne, ya fara rantsuwa cewa ba shi ya jefe su ba. Na gaya masa abin da nake so: in rera waƙar rakiya ya ɗauka, a kai wa mutanenmu da ke can su yi amshi a kai, ranar da na tafi a sa mini. Ya cire hula ya ce, Apa, wato Inna a yarensu, ko yanzu ma. Ya tsayar da ni gaban makirfo, ya kifa mini wasu abubuwa biyu a kunne kamar murfin tukunya. Elvira, ɗakin nan ya mutu. Na ɗaga murya ta faɗo a gaban ƙafata kamar jiƙaƙƙen tsumma. Amma na rufe ido na ba da layi, na yi shiru, sai ga su sun zo mini a ka. Na ji Berta, mai ƙatuwar muryar nan ta cocinmu, can sama tana neman tsaga rufi, na ji Rainhold ƙanin kakanki yana biye a baya da rabin taku kamar kullum, na ji Miliya, na ji mahaifiyarki Melita a gefen hagu kusa da taga. Ban ba da layi na gaba ba sai da na ƙarshensu ya sauke. Daulet ya ce minti goma sha takwas muka yi.

Bayan mako guda ya zo gidana da farar riga da kwalin alewa, fuskar nan tasa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya ɗora waya a kan tebur ya kunna. Minti huɗu. Muryata ce, amma layi yana bin layi a guje kamar wadda kare ya biyo, ga wani ɗan kiɗa mai laushi ya shimfiɗa a ƙasa. Ya yi mini bayani da alfahari cewa kwana uku ya yi yana bin waƙar, duk inda na tsaya ina mai da numfashi ya yanke ya haɗe bakin, yadda ba wanda zai gane tsohuwa ce ta rera. Ya ce aikin da bai taɓa yi wa kowa irinsa ba ke nan. Garin gyaran gira an rasa ido. Me zan ce masa? Da zuciya ɗaya ya yi. Na yi masa godiya, na zuba masa shayi, na raka shi ƙofa. Sannan na kwanta na juya fuska ga bango, kwana uku ban hura murhu ba.

A rana ta uku Kulash ta ga ba hayaƙi a bututuna, ta turo ƙofa tana faɗa tun daga zaure, wai in mutuwa zan yi in gaya mata ta zo ta ɗauke tukunyarta da na ara. Na ja bargo na rufe kai. Ta matsa, na nuna mata waƙar da Daulet ya tura mini. Layi biyu ta saurara ta ce in kashe. Ta juya ta fita da silifas. Sauran labarin Daulet da kansa ya ba ni. Ya ce jar fitila tana kunne, wani mawaƙin biki yana tsakiyar kirari ga ango, Kulash ta banko ƙofa ta cire silifas ɗaya ta sauke wa shi Daulet ɗin a ƙeya, mutum mai shekara hamsin da biyu. Ta ce masa, "Wa ya ce ka yanke mutanen? Nan da ka ga kamar ba kowa, nan ne suke tsaye." Ta shiga lissafa masa su da sunayensu, gida gida, matattu da waɗanda suka tafi, tun daga waɗanda take ji ta bango tana yarinya. Ko kalma ɗaya ta waƙar ba ta sani ba, amma ta san inda kowa yake shigowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ashe maƙwabci ma ya sani.

Da la'asar sai ga Daulet a ɗakin girkina, ya zauna a kan bokitin kwal, ya kasa ɗaga kai. Ya ce ɗaukar farko tana nan a kwamfuta bai goge ba, amma in na yarda in ba shi kwana biyu. Ya sallami masu waƙar da suka kama layi, ya kira surukansa, suka kafa tsani suka ɓamɓare soson nan daga rufi har ƙasa. Ranar Lahadi da safe ya zo ya kama hannuna muka tsallaka. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na tafa hannu sau ɗaya. Ya hau, ya zaga, ya dawo. Wannan karon ban yarda da murfin tukunya a kunne ba. Kulash ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, daidai yadda uwarta take zama mana, ta ce ita gadi ta zo yi ba sauraro ba. Shi ne abin da ke cikin ɗan baƙin abin nan. A wuraren shirun za ki ji wutsiyar muryata tana saukowa daga rufi, za ki kuma ji wani ɗan ƙas-ƙas, carbin Kulash ne. Na ce wa Daulet in ya goge shi silifas ɗin ɗaya ƙafar nawa ne. Ya ce soson rufin ma ba zai mayar ba, mawaƙan biki sun ji ɗakin sun ce muryarsu ta yi ƙiba.

Ga aikinki na farko, mai sauƙi. Ki kai wa Berta. Na san tana tara matan Talsai a gidanta farkon kowane wata su sha kofi su ci naman waɗanda ba su zo ba. Ki ɗauko Rainhold ko da a keken guragu ne. Ki kunna musu, su yi amshi a guraben, ki ɗauka a wayarki ki tura wa Daulet, lambarsa tana ƙasan takarda, shi zai haɗa. Ki gaya wa Berta ba gasa ake yi ba, ta tausaya wa rufin mutane. Daulet ya yi alkawarin ɗaukar lasifika ya kai maƙabarta. Kulash ta ce za ta tsaya daga ɗan nesa yadda ya dace da ita, amma duk wanda ya taɓa shebur kafin a gama zai san ta zo.

Na biyun shi ne dalilin da ya sa na ce za ki yi fushi. Shekara huɗu ke nan ba mu taɓa zancen ranar da muka binne Melita a can Jamus ba. Baiti na bakwai naki ne a ranar. Muka kai wurin, aka yi shiru, kina tsaye kin daskare, faston can yana satar kallon agogo, baƙi suna gyara tsayuwa. Sai na buɗe baki na ba da shi, na ce wa kaina ai uwa ma jini ce, na rufa wa jikata asiri. Tun daga ranar ba ki ƙara taka coci ba, in na kawo zancen waƙa sai ki ce Yonas yana kuka, ko da yana makaranta. Ni kuwa na ɗauka alheri na yi miki. Sai a kwana ukun nan da na yi ina kallon bango na gane. Na ga leɓenki yana motsi a ranar, Elvira. Na gani. Kina hanya ne, kin makara ne kawai yadda kika saba, ni kuma na ji kunyar baƙi na ƙi jiran ki. Abin da Daulet ya yi mini shi na yi miki, na ga shiru na ɗauka ba kowa a ciki, na yanke. Shi yana da uzurin rashin sani. Ni da na yi shekara arba'in ina bayarwa ba ni da shi. Na ƙwace miki rakiyar uwarki, ba kuma ni da inda zan samo in maido miki. Ki yafe mini.

Abin da nake da shi ke nan, tawa rakiyar. Baitin yana bayan takardar nan, na rubuta da manyan baƙaƙe. Farkonsa kin san shi ko kin ƙi: ga wadda ta riƙe hannuna na kawo ta ƙofarka, nan ƙafata ta tsaya, kai ka ƙarasa da ita. In kin zo da kanki na fi so, zumunci a ƙafa yake, ki kuma kawo mini mai kunnuwan nan in ja su tun ina iyawa. In hanya ta ƙi, ki rera a waya ki tura. In kuma kin ga ba za ki iya ba, ba zan tashi in yi miki faɗa ba, a bar gurbin yadda yake, na san dai kina cikinsa.

Ki gaida Torsten, ki ce masa na gode da haƙurin da yake yi da jinin gidanmu. Ki sumbaci Yonas a goshi. Ki gaida Berta da 'ya'yanta, da Rainhold, da Paulina in har tana gane mutane, da ɗan Miliya, ki gaya masa uwarsa ba ta tafi hannu wofi ba, ta sami shida. Kulash tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana riƙe da zancen tuffanta da kika sata. Daulet ma yana gaisuwa da ƙeyarsa.

In kin kunna, bayan baiti na shida za ki ji shiru mai tsawo, kada ki ɗauka na'urar ce ta lalace. Da na kai wurin na rufe littafin. Daulet ya jira minti ɗaya, ya ɗaga hannu zai kashe, Kulash ta harare shi ya mai da hannun aljihu. Na ce masa ya bar ta ta yi ta juyawa, jikata ba ta taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Muka zauna mu uku a ɗakin kakana, rana tana shigowa ta tagar hagu, muna jiran ki. Ki ɗauki duk lokacin da kike so, 'yar lattina. Wannan karon ba ni da bakin da zan riga ki.

Ubangiji ya haskaka muku fuskarsa, ya ba ku salama.

Kakarki da ke jiran ki,
Oma Hulda